Baba Dakata da Kwamfutar da Ba Ta Walƙiya

Kowace safiya, kafin maƙwabta su ɗaga ƙofofin shagunansu, Baba Dakata ya riga ya share nasa, ya goge teburin aiki, ya dafa ƙarfen ƙofa da hannu bibbiyu kafin ya taɓa kayan kowa, don ya sauke 'yar wutar da kan taru a jikin mutum ta lalata na'ura. Shagon ƙarami ne a saman bene, can ƙarshen baranda, kusa da mai gyaran waya. Sana'arsa haɗa kwamfutar tebur. Ka faɗa masa abin da kake so ta yi maka, wasa ne ko gyaran bidiyo, shi kuma ya zaɓo kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su cikin akwati guda. Sunan kuwa samari ne suka laƙaba masa, domin duk wanda ya shigo da zumuɗi yana nuna masa hoton kaya a waya, kalmar farko da zai ji ita ce, "Dakata."

Matsoraci ne, shi ma bai taɓa musu ba. Yana tsoron na'urar raba wuta mai arha, don ya taɓa ganin wata ta kama hayaƙi a ɗakin da yara ke kwana. Yana tsoron zafi, yana tsoron ƙura. Mai gyaran waya yakan tsokane shi, "Baba, kai ko fitila za ka kunna, sai ka tambaye ta ya iyali tukuna." Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin hannuwansa sun fara rawa, kuma ya ce ba zai jira ranar da zai lanƙwasa siririyar ƙafar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar wani, ba. Kafin ya tafi, ga labari ɗaya da ya kamata a ji.

Wani magidanci ne ya zo masa, wanda ake kira Mai Kyamara, don ɗaukar bidiyon taro da tallace-tallace yake yi, shi ke gyarawa da kansa, ga shi kuma da son wasan kwamfuta kamar ransa. Ya nuna akwati mai gilashi, da fankoki masu sauya launi, da wani ƙaton allo mai lanƙwasa da zai cika ido. Baba ya lura da tabo a saman girarsa. Suka rabu a kan zai dawo.

Washegari da rana sai ga wata mata a bakin ƙofa. Ya yi mata tayin kujera, ta ƙi zama.

"Baba, ni ce matar Mai Kyamara. Don Allah kada ka haɗa masa."

"To fa! Lafiya, 'yata?"

"Yana da farfaɗiya. Yana shan magani, ta lafa, amma walƙiyar haske tana tayar masa da ita. Tabon nan na goshinsa, a gidan abokinsa ya same shi. Suna cikin wasa allo ya yi ta walƙiya, ya kife a kan gefen tebur. Ni aka kira. Da na shiga na ga jinin, na ɗauka shi ke nan."

 Baba ya zauna a kan kujerar da ta ƙi, ya dubi kwalayen fankokin da ya riga ya sauko da su, sai ya ji kamar maciji ya jera a teburin. In ya ƙi aikin, akwai shaguna a ƙasan benen da za su haɗa kafin rana ta faɗi, ba tambaya. In kuma ya haɗa, mutumin ya faɗi yana shi kaɗai a ɗaki, to hannunsa ne ya ɗaure kowace kusa.

"Ya san kin zo?"

"Bai sani ba. In na yi magana sai ya ce na mayar da shi yaro."

"Ba zan yi masa ƙarya ba, ba kuma zan yi maganar a bayan idonki ba. Ku zo tare."

Da suka zo, Mai Kyamara ya saurara har ƙarshe, fuskarsa a ɗaure. Ya ce, "Baba, kwamfuta na zo saya, ba asibiti na zo ba."

"Na sani, ɗana. Ni ma ba likita ba ne, shi ya sa nake jin tsoro. Na san abin da ke ƙona katin hoton kwamfuta. Abin da ke kayar da mutum kuwa ban san shi ba. Ka tafi da ni wurin likitarka in ji da kunnena."

Mutumin ya miƙe ya fita. Matar ta kama gefen mayafinta tana murzawa. Mai gyaran waya, wanda ya ga abin, ya ce mutumin ya daɗe tsaye a baranda yana kallon shagunan ƙasa, har Baba ya fid da rai. Can sai ya dawo, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Da allon nan nake ciyar da gidana. In na bar shi, me zan yi?"

"Ban ce ka bari ba. Cewa na yi mu tambaya."

Baba ya rufe shago ya bi su, ya zauna a kan benci cikin marasa lafiya, ya haɗa hannuwa a cinya kamar ɗalibi. Likitar ta ce ba kowace farfaɗiya haske ke tayarwa ba, amma gwaji ya nuna tasa tana cikin masu tashi. Ta ce zai iya aiki in allon ƙarami ne, ba ya ƙyafƙyaftawa, ɗakin da haske sosai, yana hutawa, ba ya wasa da magani ko barci. Ta koya masa ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kau da kai da zarar walƙiya ta zo ba shiri. Baba ya tambaya, "In an yi duk wannan, ba zai faɗi ba?" Ta ce, "Baba, wannan ba wanda zai ba ka tabbacinsa."

Da wannan amsar ya koma shago, ta tsaya masa a ƙirji. Kai ne, Baba, ka mayar da fankoki masu launi cikin kwalayensu, ka nemo akwati baƙi mai rufin ƙarfe wanda ko ɗigon haske ba ya fita. Kai ne ka zagaye kasuwa kana ɗora kyamarar waya a kan alluna don ka ga wanne ke rawa a ɓoye, masu shaguna suna yi maka dariya, har ka samu ƙarami mai nutsuwa. Ka zaɓi katin hoto mai ƙarfi, ba don taƙama ba, sai don kada hoto ya riƙa sarƙewa yana tsalle. Ka haɗa da batirin riƙe wuta, saboda kada allo ya mutu ya farka in wuta ta yi wasa. Ka ɗaura babban makunni a gefen tebur, wanda mari ɗaya zai kashe allon.

Wasannin ma bai yarda da su ba. Tsoho mai furfura ya zauna yana gwada su ɗaya-ɗaya, ana harbe shi kafin ya gano ina ne gaba, don kawai ya ware masu walƙiya. Mai gyaran waya ya leƙo ya ce, "Baba, an ci ka kuma?" Ya amsa, "An ci ni. Wannan ma ba zai shiga gidan ba."

Ranar kunnawa da hantsi ya kai kwamfutar gidansu da kansa. Ya buɗe labulen taga, ya matsar da kujera baya, ya liƙa soso a gefen teburin. Matar ta tsaya a bakin ƙofa. Allo ya kawo lafiya lau. Mai Kyamara ya gwada wasan tseren mota, ya yi dariya, har matar ta saki numfashi. Sai ya ce bari ya buɗe aikin da ke jiransa, bidiyon wani taron liyafa da abokin aikinsa ya ɗauko, wanda shi bai kalla ba tukuna.

Hoto ya tashi, mutane suna rawa. Kwatsam fitilun wurin liyafar suka fara walƙiya, fari da ja, fari da ja, suka cika allon.

Baba bai san lokacin da ya kai wa makunnin mari ba. Allo ya yi baƙi. Mai Kyamara yana zaune a sandare, tafin hannu a kan ido ɗaya, kansa a karkace, yatsun ɗaya hannun suna fizga a kan cinyarsa. Matar ta durƙusa gabansa tana kiransa, "Abban yara! Ka ji ni? Abban yara!" Ba amsa. Ba a jin komai sai fankar kwamfutar. Baba ya riƙe bayan kujerar don kada ta kife, yana ta nanatawa a ransa cewa ya binciki kowace waya da kowane wasa, ya manta da aikin mutumin kansa.

Sannu a hankali yatsun suka tsaya. Mai Kyamara ya haɗiyi yawu, ya ce, "Ina nan. Farfaɗiyar ta zo bakin ƙofa ta koma."

Baba ya sulale ya zauna a ƙasa, zufa ta jiƙa masa riga. Ya ce, "Zan kwashe kwamfutar in tafi da ita."

Matar ce ta hana. Ta share hawaye ta ce, "A'a, Baba. Ni idona ba ya tsoron walƙiya. Ku nuna mini yadda ake yi, in riƙa kallon kowane bidiyo kafin shi, in yanke wurin da ke walƙiya."

Haka kuwa aka yi. Baba ya dawo ya haɗa mata nata allon, yana fuskantar wani ɓangaren, mijin ya koya mata yanka da dusar da haske. Yau su biyu ke aikin, har masu kawo bidiyo sukan ce a ba uwar gida ta gyara, wai hannunta ya fi laushi. Ciwon bai tafi ba, yana nan, suna zaune da shi cikin kula.

Baba, mai tsoro don wasu su zauna lafiya, mun gode. Ka yi shekaru kana ɗaukar fargabar da masu kayan suka ƙi ɗauka, ba wanda ya taɓa tafa maka, domin gobarar da ba ta tashi ba da faɗuwar da ba a yi ba, ba su da masu ba da labari. Allah ya hutar da hannuwan nan, ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Ku kuma da za ku gaji barandar, ku koyi jin kunyar sayar wa mutum abin da ba ku tambayi jikinsa da gidansa ba, kuma in abu ya fi ƙarfin saninku, ku rufe shago ku je ku tambayo.

Da aka tambayi matar Mai Kyamara abin da take so a rubuta a madadinta, ta yi ɗan tunani, sannan ta ce, "Ku rubuta cewa yanzu in ina kicin na ji shiru daga ɗakin aiki, ba na yar da cokali in ruga da gudu."