Yadda Kakata Ta Raba Zamani

Ko zan manta komai na karatuna a Azare, ba zan manta ranar da malamin tarihi ya turo mini aikin bincikena baya ba. Saura mako biyu a rufe karɓa, in bai sa hannu ba sai in maimaita shekara.

Aikin a kan tarihin Katagum ne. Na je can wurin kakata, tsohuwar Bafulatana, na cika littafi guda da hirarta, na dawo ina cika ina batsewa. Ni so nake ta ba ni zamani kashi uku yadda aka koya mana: kafin Turawa, mulkin Turawa, bayan Turawa. Ita kuwa sai shekarar da kogi ya cinye gero, shekarar fara, shekarar da raƙuman Barno suka daina kawo kanwa. Da na matsa mata, ta ce, "Kai, ka ishe ni da Nasara! Tsakanin mutuwar shanu ta farko da ta biyu suka zo suka tafi." Na ce a raina tsufa ya yi aikinsa. Na ajiye littafin, na kwafo na laburare.

"Wannan na karanta shi har na gaji," in ji Malam. "Ba ka je garin ba ne?"

Don in wanke kaina kawai na miƙa masa littafin hirar. Ya yi ta buɗawa yana karantawa. Can ya ce, "Zauna. Mu an koya mana tarihin duniya daga Girka ya taso, ya bi ta Rum, ya sauka Landan, ba ma shiga sai jirgin Bature ya iso. Daga baya aka dawo mana da sarakunanmu. Yanzu abin da masana suke bi shi ne ruwa, da annoba, da hanyar fatake. Abin da suke wahalar nema kakarka ta ba ka kyauta, ka raina."

Wallahi kunya ta kama ni. Na sake aikin bisa lissafinta, kowane babi da shekararsa, ya sa hannu ana saura kwana biyu.

Dukansu sun rasu, Allah ya jiƙansu, ban taɓa gode musu yadda ya kamata ba. Yau ni ma tarihi nake koyarwa, kuma tun ranar ban sake cewa wani bai san tarihi ba sai na tambaye shi daga ina yake fara ƙirga.