Tukunyar Shaida

Shin Mushe ya san ruwa ne tun farko, ya yi shiru don yaron ya gano da kansa, ko kuwa shi ma a bakin murhuna ya fara sani? Na tambayi kaina har na gaji, wanda zai gaya mini kuma yana kwance bayan gari. Rubuta, ɗiyata, kada hawayena su tsayar da ke. Malamanku na yanzu ne suka ce in ba su labarin aiki.

Ni ce mai dafa wa ƴan lakwal na Gaya abinci, yaran ƙauye da ake kawowa makarantar boko daga Yelu da kewayenta su kwana a gari. Maigidana monita ne, wato ƙaramin malami, ƙasa da direkta. Kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci, har ni. Lokacin Faransa ba ta tashi ba, amma an fara zancen tashinta a kasuwa. Babu kwalej a nan. Yaron da ya ci jarrabawa sai Yamai, ba a ganinsa sai hutun damina.

Ranar da ba ta fita raina ba ita ce ranar da Isufu da Mamman, tsofaffin ɗaliban Mushe, suka sauka daga kamyo, babbar motar Yamai, suka taho gidanmu da kayansu a ka. Malaminsu na kimiyya ya ba su aikin hutu: kowa ya nemi tambaya a garinsu, ya gwada da hannunsa, ya rubuta abin da ya gani, ba abin da ya karanta ba. Mamman ya kafa gwangwani yana auna ruwan sama, ya huta. Isufu kuwa sakamakonsa ya yi rauni, an ce in aikin bai yi kyau ba kada ya koma. Ubansa, Hasan masunci, har ya gyara masa wurin zama a jirgi.

"Mushe, ba ni tambaya," in ji Isufu.

"Ba na sayar da ita. Tafi ka buɗe idonka."

Isufu ya yi ta yawo bai samo kome ba. Wata rana yana zaune gindin murhu ya ga na jefa kanwa cikin wake.

"Inna, don mi kike sa wannan?"

"Don ya nuna da wuri mana."

"Wa ya ce?"

"Uwata."

"Ita wa ya gaya mata?"

Na ɗaga ludayi zan ƙwala masa, sai ga Mushe ya zabura daga tabarma yana tafi. "Ga ta nan! Ka kama ta, kada ka saki!"

Ga yadda suka tsara aikin. Tukwane biyu na magina ɗaya, wake daga buhu ɗaya, awo ɗaya, wuta daidai. Ɗaya a sa mata kanwa, ɗaya a bar ta haka. Wadda aka bari, Mushe ya ce sunanta shaida, haka Nasara ke kiranta, don ita ke faɗin abin da zai faru in ba a taɓa kome ba. Mamman ke riƙe da agogo. Ni kuwa a ɗaure mini ido da kallabina, a miƙo mini ƙwayar wake in murza in ce ta nuna ko ba ta nuna ba, ba tare da na san daga wace tukunya ta fito ba. Mace da girmanta, ido a ɗaure, yara na dariya! Amma wallahi na ji daɗin abin.

Kafin a jima gari ya ɗauka cewa Mushe na da tukunyar da ke ba da shaida. Wata tsohuwa ta zo da goro, a tambayar mata wa ya sace akuyarta. Bayanta sai ga Hasan, fuska a murtuke.

"Mushe, na ba da ɗa ya zama lokotoro mai duba marasa lafiya, ka mayar mini da shi mai dafa wake cikin mata?"

"Malam Hasan, bar mini shi zuwa ƙarshen hutu. In bai yi ba, ni zan rako shi bakin jirgi."

Hasan ya cinye wake kwano guda, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya tafi.

Gwajin farko mai kanwa ta riga nuna da nisa. Isufu ya yi ta tsalle yana cewa ya gama. Mushe ya ce a sake, a kuma sakewa. Nan abin ya rikice. Wata rana shaida ta kusa kamo mai kanwa, wata rana kuma ta ƙi nuna, sai ka ce tsakuwa na dafa. Isufu ya ɗauki alƙalami zai soke ranakun da ba su yi masa daɗi ba. Ban taɓa jin Mushe ya ɗaga murya irin ta ranar ba.

"Kai ka kira shaida, ta faɗi abin da ba ka so, sai ka kore ta? Bar su yadda suke!"

"To mi ya kawo haka, Mushe?"

"Ni ne tukunyar? Tambaye ta."

Cikin haka ciwon shawara ya kwantar da Mushe, idanunsa suka yi ɗorawa. Hutu na ƙarewa, yaron ya rame, an fara zuwa rubuta sunan masu shiga kamyon Yamai.

Wata safiya Isufu na wanke hannu, sai na ji ihu. Ya rugo da kumfa har gwiwar hannu.

"Inna! Ruwan yau daga ina?"

"Kogi. Na je wanki jiya na taho da tulu."

"Na shekaranjiya fa?"

"Rijiyar lakwal."

"Shi ya sa! Sabulu ba ya kumfa da na rijiya! Ba ruwa ɗaya muke dafawa da shi ba!"

Ya faɗa ɗaki ba sallama. Na ji Mushe yana dariya yana tari.

Washegari aka jera tukwane huɗu: na kogi da kanwa, na kogi babu, na rijiya da kanwa, na rijiya babu. Maƙwabta suka cika gidan. Sai ga Hasan da tulu a kafaɗa.

"In kogi za a gwada, a gwada na tsakiya, ba na wurin wankin mata ba."

Aka ɗaure mini ido. Ina murzawa ina faɗi, Mamman na kiran lokaci, mutane na ihu kamar ana kokawa. Masu kanwa suka riga, sannan shaidar kogi ta nuna, ta rijiya kuwa sai da aka ƙara mata itace. Mata suka rangaɗa guɗa. Hasan ya ɗaga ɗansa sama yana cewa, "Kogina ya ka da rijiyar Nasara!"

Na kwance kallabi, na ɗebi wake a kwano, na ruga ɗaki in yi wa Mushe albishir. Na same shi ya juya fuska gabas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Isufu ya rubuta aikinsa a zauren da ake zaman makoki, har da ranakun da ya so sokewa. Ubansa ne ya ɗaukar masa akwati zuwa tasha. An karɓe shi, har aka karanta aikin a gaban aji. Daga baya shi ma ya koyar, ya yi furfura a kai.

Ku malamai, abin da na gani a wannan sana'a shi ne, riƙe baki ya fi magana wuya. Kana kallon yaro yana ramewa a kan abu, ka daure ka bar shi, amma kada ka yi nisa.

Da safiyar ranar tukwane huɗun nan ban so fita ba. Ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita, muna jin yaran suna faɗa da ɗanyen itace, hayaƙi na shigowa ɗaki. Ya karɓe maficin daga hannuna.

"Hajo, tashi ki hura musu wutar nan. Ni ba inda za ni."