Igiyar Rijiyar da Cindo Ya Yanke

Ni tun ina yarinya ba na son a bar mini magana a rataye. In an fara labari, to a gaya mini wane ne mai gaskiya, wane ne mugu, in samu in yi barci. Kakata Iya Habsu ta san halina sarai, shi ya sa take ce mini uwar gaggawa.

A Sersouf na tashi, cikin Tamanrasset, inda babana ke da shagon atamfa. Iya ta biyo shi ne daga Damagaram bayan rasuwar mijinta. Lokacin sanyi, in iskar duwatsu ta sauko bayan magariba, ba mai iya nisa da wuta. Sai Iya ta zuba gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi, mu kewaye ta. Wata rana ƙawata Minata, 'yar maƙwabtanmu Abzinawa, ta zo hira. Bargo ɗaya muka lulluɓa da shi. Ni ce ma na matsa wa Iya ta ba mu labarin Cindo, don ina son Minata ta ji gwarzonmu.

Iya ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, kada kowa ya ce ta zo mu ji ta. Cindo bawa ne mai yatsu shida, aikinsa jan ruwa wa ayarin gishiri. A hanya ya ji iyayengiji suna shawarar kai bayinsu can arewa a sayar, a raba uwa da ɗa. Da ayari ya sauka a wata rijiya mai zurfi tsakiyar hamada, ya bari barci ya kwashe su. Ya kwance 'yan uwansa, suka ɗora salkunan ruwa a kan raƙuma. Kafin su tashi ya yanke igiyar rijiyar, ya tafi da guga, don kada a shayar da sauran raƙuman a biyo su. Cikin waɗanda suka tsira akwai wata 'yar yarinya, ita ce kakar Iya.

"Da bai yanke igiyar nan ba," in ji Iya, "da ba ni, da ba ke, uwar gaggawa."

Kafin in yi murmushi Minata ta yaye bargon ta miƙe. Ta ce ƙarya ne, Cindo ɓarawon ruwa ne, a gidansu ko sunansa ba a kira sai an tofar da yawu. Ta fice ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba.

Daga ranar ta daina yi mini magana. In mun haɗu a famfo ta kau da kai. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba ni da wata ƙawa sai ita. Na kasa zaune na kasa tsaye. Kullum ina bin Iya ina cewa ta je ta gaya wa Lalla, kakar Minata, cewa labarinta ba daidai ba ne, a gyara, kowa ya huta. Iya ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Ran nan da gangan ta bar wutarta ta mutu, ga ashana kuwa a gefen tabarma. Ta miƙo mini marfin tukunya ta ce in je gidan Lalla in ɗebo wuta, in kuma ce mata shayin ba ya daɗi sai da ita. Iya ta san abin da take yi. A unguwarmu ko kuna gaba da mutum ba ka hana shi garwashi. Lalla ta zuba mini, ta yafa mayafinta ta biyo ni, Minata na bayanta tana cika tana batsewa.

Bayan kofi na farko Iya ta ce Lalla ta ba mu nasu labarin. Cikin Hausarta mai nauyi Lalla ta ce a hamada kana iya yaƙar mutum, kana iya ƙwace raƙuminsa, amma ba ka ɗauke igiya daga bakin rijiya. Waɗanda Cindo ya bari ba iyayengiji kaɗai ba ne. Akwai matansu, da yara, da tsofaffin bayin da ba su iya tafiya. Gari ya waye, ga ruwa suna gani yana ƙyalli a ƙasa. Maza suka kwance rawunansu suka ƙulla, bai kai ba. Kakan Lalla jariri ne a lokacin. Da wani ayari ya iso, a jikin gawar uwarsa aka ɗauke shi.

Na zuba wa Iya ido ina jira ta ƙaryata. Sai kawai ta ce haka ne. Wallahi kamar in fasa kuka. Na ce to Iya, gwarzo ne ko mugu, a faɗa mini ɗaya.

"Tambayi mai ba ki labari inda kakansa yake ranar," in ji ta. "A kan raƙumi da salka, ko a bakin rijiya."

Sannan ta juya ta tambayi Lalla ko a nasu labarin ana faɗin inda za a kai bayin. Lalla ta daɗe tana juya kofi a hannu kafin ta ce ba a faɗa.

"Mu ma a namu ba a faɗin yaran," in ji Iya.

Ba wadda ta rufe hirar da ƙurunƙus. Minata dai ta matso, ta ja gefen bargon ta rufe ƙafafunta.

Yau ina koyar da tarihi a wata 'yar lekkol, wato makaranta, da 'yan kasuwarmu suka buɗe wa yaransu. A darasin bana akwai wani jagoran boren bayi na wata ƙasa can bayan teku. Littafi ɗaya ya ce mai ceto ne, ɗaya ya ce mai kisan gilla ne. Yaran kuwa duk irina ne, tambayarsu ɗaya, wanne za su rubuta a jarrabawa. Nakan sa su nemo wa ya rubuta, ina yake tsaye, me kuma ya tsallake. Suna jin haushina, na sani, don ni ma har yanzu nakan ji haushin Iya da ta tafi kabari ba ta zaɓa mini ɗaya ba.

Wata yarinya mai ido a tsaye ta taɓa ritsa ni, ta ce to ni Madam wane ɓangare nake. Na ce mata ni jikar waɗanda suka sha ruwan ce, shi ya sa nake fara karanta musu labarin waɗanda aka bari.

Minata tana nan Sersouf da 'ya'yanta, zumuncinmu bai yanke ba. Amma har gobe in na shiga gidanta ta miƙo mini ruwa, sai na ɗan riƙe kofin kafin in iya kai shi baki.