Rabona na Asabar

Shekarar da 'yarmu ta fara rarrafe, ina koyarwa a wata firamare a Rikkos, maigidana kuma yana ɗinki a shagonsa da ke unguwar Ali Kazaure. Da goyo nake shiga aji, da goyo nake dawowa in ɗora tukunya. Ranar da na ce masa na gaji, bai yi musu ba. Muka raba: Lahadi tasa ce, ya je kallon ƙwallo. Yammacin Asabar nawa ne, ya tafi da yarinya shago.

Ba wani babban abu nake nema ba. In zauna bakin taga da shayi mai zafi, in kalli hadari yana taruwa a kan duwatsu, babu mai jan zanina.

Asabar ta farko, shayin bai huce ba aka buga ƙofa. Maƙwabciyar shagonsa ce, wata dattijuwa 'yar Ibo mai sayar da zare, ga 'yata a kafaɗarta.

"Maman bebi, ga shi na kawo maka," ta ce. "Oga yana taka keke, yaro yana kuka. Namiji ya san riƙe yaro? Tausayi ya kama ni."

Na yi godiya, har na raka ta bakin titi. Alheri ta yi, kuma da ƙafa ta zo.

Mako na gaba gwaggonsa ce ta biya ta shagon, ita ma ta kawo mini ita, ta haɗa da tambayar ko ba ni da lafiya ne. Daga nan abin ya zama kamar aikin gayya. Duk macen da ta ga namiji da jaririya sai ta cece shi.

"Wallahi Malama, ba ni nake bayarwa ba," in ji maigidana. "Ina juyawa in ɗauko almakashi, sai in ga an saɓa ta."

"Ka ce ranarka ce mana."

"A gaban masu kawo ɗinki? Gobe ai sai a kawo mini 'ya'yan unguwa raino."

Ya yi dariya. Ni ban samu ƙarfin taya shi ba.

A hankali na gane, muddin ina gida, akwai inda za a mayar da ita. Wata Asabar suna fita na sa mayafi, na kulle ƙofa. Sai da na tsaya a titi na tuna ba ni da wurin zuwa. Gidan kowa na shiga, za a tambaye ni ina yarinya. Na hau keke napep na koma makarantarmu, maigadi ya buɗe mini ajina.

Daga baya na ji dattijuwar ta zo, ta tarar da kwaɗo, ta mayar wa uban da 'yarsa tana mita.

Littafi na riƙo, amma ban buɗe ba. Na kifa kai a kan tebur, cikin ƙamshin alli, barci ya ɗauke ni. Da na farka, sai na samu kaina ina jijjiga a hankali, hannuna yana bubbuga bayana da babu goyo a kai.