Riɗin Kaka da Kwalayen Nektar

Wata Alhamis a watan Sha'aban, ina aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da Kawu Usman a saman benenmu na unguwar Hindawiyya a Jidda yana jan garewanin Kaka zuwa bakin matakala. Ya buɗe ƙaramar baƙala, wato kantin kayan masarufi, a ƙasa, yana neman wurin jibge kaya. Kayan kuwa kwalayen lemo ne, kowanne an rubuta masa "nektar" da manyan baƙaƙe.

A garewanin nan Kaka take shuka riɗi, irin da ta ƙullo a bakin gyale tun daga Gadarif ta Sudan. Da ruwan alwalarta take ba shi, don ruwan Jidda ba na wasa ba ne. In ya yi fure, mu jikoki mukan tsinki guda mu tsotsi gindinsa, ɗigon zaƙi ya taɓa harshe ya ɓace. Dokarta ɗaya ce: "Kowa guda. Sauran na ƙudan zuma ne, in ba su sha ba babu riɗi."

Na tare matakala, na ce ba za a sauke ba.

"Yalla, matsa," in ji Kawu. "Ga abin da kuke tsotsa nan cike da kwali, har da tsinken sha."

Ya miƙo mini ɗaya. Kaka na zaune a kan tabarma, ta ce, "Usmanu, ƙudan zuma ma kwalin za ka ba su?"

"Halas, Inna, an gama magana."

Aka sauke. Kafin azumi riɗin ya bushe a lungu.

Sai da na girma na bi sawun kalmar nektar, wadda Turawa ke kiran zaƙin fure da ita. Ta Girkawa ce, sunan abin shan allolinsu na tatsuniya, wasu masana ma sun ce ma'anarta abin da ke rinjayar mutuwa. Latin ta ɗauka, Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Ingilishi suka gada, kusan ba wanda ya sauya mata kama. Duk wannan doguwar tafiya, ta ƙare a jikin kwalin ruwa da sukari da aka gilma wa mangwaro. Ko riɗin tsohuwa ba ta iya ceto ba.

Yau jikokin Kawu na shan nektar safe da yamma, ba wanda ya taɓa sa fure a baki. Kwalin da ya miƙo mini, ban karɓa ba. Har yanzu ban karɓa ba.