Naɗi na Huɗu Kafin na Uku: Ta'aziyyar Ra'afat Shinnawi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ustaz Ra'afat Shinnawi, tsohon malamin lissafi, a asibiti a nan Damanhur, bayan jinyar ƙoda ta wata uku. Ya rasu yana da shekara saba'in ba ɗaya. Ni ne Garib, Usta kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a nan, wanda ya haska majigi a silimar Baturen nan Hawaja Banayoti tun tana cika har aka kulle ta. Ban iya rubutu ba. 'Yarsa Nuha ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata idan ta gyara mini kalma ɗaya ban yafe ba.

Ra'afat, a rumfar zaman makokinka na ji ana raɗa. Wani ya ce, “Mutumin kirki ne, sai dai fina-finan fatalwan nan nasa.” Wani ya amsa, “Allah Ya shirya na baya.” Can ba wurin faɗa ba ne. Amma zan faɗi inda abin ya samo asali, tunda daga hannuna ya fito.

A shekarar 1974 ne, wata Lahadi, nunin ƙarfe uku na rana. Fim ne na ƙasar waje, naɗi biyar, kowanne a gwangwaninsa. Ni da ban san lamba ba, dabarata ita ce zare: ƙulli ɗaya a naɗi na ɗaya, ƙulli biyu a na biyu, har zuwa biyar. A makon nan muna raba fim ɗin da wata silima a ƙetaren layin dogo, ana kai da kawo da shi a keke. Ran nan gwangwanayen suka dawo babu zare ko ɗaya, mai haskawar can ya tsinke su ya zubar. Da na sauka ƙasa na ce wa mai sayar da tikiti ya duba mini, da magana ta ƙare. To, amma na riga na rantse wa Hawaja cewa na iya karatu, da haka ya ɗauke ni aiki. Girman kai rawanin tsiya. Na yi bisimilla na yi ta ɗorawa da ka, sai na sa na huɗu kafin na uku.

Fim ɗin ba na tsoro ba ne ko kaɗan, labarin wata mata ce mai ciwo da mijinta, irin wanda ake zuwa a sha kuka. Amma ga abin da mutane suka gani a ranar: an binne matar, an watsa ƙasa, mijin ya dawo gida a sanyaye. Sai kawai ga ta a kicin tana yanka albasa tana dariya. Ta jera abinci, ya zauna ya ci, babu wanda ya ce mata daga ina. Daga nan kuma ga shi shi kaɗai yana magana da kujera. Ta ƙaramar tagar ɗakina ina jin yadda silimar ta mutu murus, masu ɓarzar 'ya'yan kankana duk sun daina. Wata tsohuwa ta fita tana salati, ta bar takalminta.

Kai kuwa, kana ɗan shekara sha tara, ka hauro benen ɗakin inji.

“Usta, don girman Allah, mene ne ainihin sunan fim ɗin nan?”

Na ce, “Ka ga na yi kama da wanda ya raɗa masa suna? Yadda ya zo haka na haska.”

Washegari fim ya wuce wani gari. Sunan da ke bakin ƙofa Hawaja ne ya ƙirƙira shi, kamar yadda ya saba. Daga ranar ka shiga neman fim ɗin da babu shi a duniya sai a wannan yammacin.

A hanyar nema ka faɗa son duk wani fim da mutane ke gudu: na gidajen da ba a kwana, na gawar da ta ƙi kwanciya, na likitocin da suka zare, har da waɗanda jininsu kowa ya san ruwan tumatir ne. Ka cika ɗaki guda da kaset tun daga ƙasa har rufi. Ka rubuta wasiƙu zuwa ƙasashen da ban iya kiran sunansu ba. Unguwa ta sa maka Ra'afat Mai Fatalwa, kai kuma kana amsawa da fara'a. Kakan ce mai yin fim ɗin tsoro ya fi mai yin na soyayya gaskiya, don shi bai ɓoye wa kowa cewa akwai kabari ba.

Alherinka a kaina ba ya faɗuwa. Da aka mai da silimarmu shagon kujeru, kai ka ɗauko injina a amalanke ana shirin sayar wa masu gwangwan, ka kafa shi a ɗakin kaset ɗinka, ka ce, “Ga matarka ta biyu nan, ka riƙa zuwa gaishe ta.” Kowace Juma'a bayan la'asar muna rufe tagogi mu kalli wani sabon shirmen da ka samo, da shayi da gurasa. Ka gane ba na karatu tun da wuri, amma ba ka taɓa furtawa ba. Sai dai ka riƙa karanta fassarar da ke ƙasan hoto a bayyane, kamar don kanka kake yi. Shekara talatin kana wannan, ni ma ina yi kamar ban lura ba. Ranar da matata Zakiyya ta rasu kai ka shiga kabari tare da ni, don ɗana yana Libiya. Bayan nan kwana arba'in abincina daga gidanka yake fitowa.

Ni kuwa da me na saka maka? Ranar da aka haifi Nuha kana Iskandariyya, don an ce wani tsoho yana da fim ɗin a sitonsa. Karatun da aka zaɓe ka ka tafi ƙarowa a Alƙahira, a silimomin bayan gari ka ƙarar da shi. Matarka Awatif ta taɓa tare ni a bakin ƙofa, da jaririya a kafaɗa.

“Usta, kai ka haska masa wannan masifar. Ka tuno sunan mu huta mana! Kishiyata ba ta da ko suna, da wa zan yi faɗa?”

Na ce, “Maman Nuha, ai kan ya tsufa.” Alhali a lokacin ko furfura ban fara ba. Da fari tsoron rasa aiki ne ya rufe mini baki. Da aikin ya tafi, sai tsoron rasa ka.

Saura kwana goma ka rasu na je asibiti da safe. Ka rame har zoben hannunka yana zamewa. Ka ce, “Usta, da alama zan tafi ban same shi ba.” A nan ne na kasa. Na faɗa maka komai, zaren, keken, da rantsuwar da na yi wa Hawaja. Sai ka ce:

“Na huɗu kafin na uku?”

“Na huɗu kafin na uku.”

“Shekara hamsin ina rubuta wa Turawa wasiƙa, ashe mai fim ɗin yana gidana yana shanye mini shayi. Jakin Allah! Ka bari na yi wa Awatif abin da na yi.” Sai ka juya wa bango fuska. “Fita, Garib.”

Ba ka taɓa kiran sunana babu Usta ba sai ranar. Na fita. Na ce a raina tunda ya kore ni, ba na komawa sai ya aiko. Kwana goma ina zaune a bakin ƙofata da takalmi a ƙafa, ina jiran aike, asibitin kuwa tafiyar shan shayi ɗaya ce. Aiken da ya zo, na wanka da likkafani ne. Wannan ita ce wautata ta biyu, kuma ta fi ta farko, don a ta farko ina yaro.

Na ɗauka ka tafi da fushina, kuma ban san inda zan kai wannan kayan ba. Bayan an watse daga maƙabarta sai Nuha ta damƙa mini wani abu a tafin hannu. Ta ce daga bakin bargon asibiti ka warware shi, ka kwana biyu kana fama da shi da yatsun da ba sa riƙe cokali. Ta ce ka ce, “Ki ba wa jakin nan. Shi kaɗai ya iya karanta shi.”

Zare ne guda, dogo. Na bi shi da babban yatsa. Ƙulli ɗaya, sai tazara. Ƙulli biyu. Sai huɗu. Sai uku. Sai biyar.

Kai malamin lissafi ne, Ra'afat, ba ka kuskuren ƙirga. Shekara saba'in da biyar ina duniya, wannan ce wasiƙa ta farko da na karanta da kaina, ba wanda ya karanta mini. Na ji abin da ka ce. Fim ɗin an bar shi a yadda na haska shi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ra'afat. Ya yi rayuwarsa yana kallon duhu, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka yalwata shi, Ka kare shi daga firgicin ranar da ba ta da kama. Ka sanya aibina da ya rufa a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nuha da ƙaninta Tamir, da jikoki, da ɗalibansa, da duk dangin Shinnawi. Allah Ya ba ku haƙuri.

Ke kuwa Maman Nuha, shi ya aiko da nasa zaren. Naki haƙƙin yana wuyana, ba kuma zan jira aike ba. Gobe da hantsi ina bakin ƙofarki.