Fatun da na kai banki

Daga Gwiwa har ka gangara Roni, ba a taɓa haifar mai wayon kuɗi kamata ba. Ni ne na shiga banki da takalmi faɗe a ƙafa, na fito da bijimai biyu. Lokacin naira tana sabuwa, kuɗin mai sun yi wa birni ambaliya har yayyafinsu ya iso Kazaure, aka ce ana ba manoma rancen shanun huɗa. Gona ɗaya gare ni, ta gado, a bakin fadama, amma na riga na hango kaina a Makka. Na dangwala yatsa, aka ce shanun su ne jingina. Bijimai ne fa, in suka yi atishawa sai kajin maƙwabta su daina ƙwai.

A wajenmu jingina tana hannun mai bin bashi. Ka kai wa mutum babbar riga, shi zai tsare ta. In ta ɓata a ɗakinsa, bakinsa ya mutu. Sai na ɗauka shanun na banki ne, ajiya kawai aka ba ni. Da rani na miƙa su ga wani Bafulatani aminina, kamar yadda kowa ke yi, ya yi wajen Babura da su. Sai ruwa ya ƙi zuwa. Bafulatanin ya dawo ya rame kamar sandarsa, da fatu biyu a naɗe a ka, don makiyayin kirki ba ya dawowa da baki kawai. Fata ce shaidarsa.

Na ɗaura su bayan keke, sai Kazaure. Na shimfiɗa su gaban akawun bankin, wani Kirista mutumin kudu mai Hausa garau.

Ya toshe hanci. "Malam, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, jinginarku ce. Na zo muku ta'aziyya."

"Malam, shanu sun mutu, amma bashi ko mura bai yi ba."

Labari ya riga ni gida. Maƙerin da ya ƙera mini garma da mai hatsin Kanya Babba da ya ba ni gero bashi suka kai ni gaban alƙali, wai na karye. Banki ma ya turo akawun nan. Na tashi zan yi bayani, alƙali ya ɗaga hannu.

"Jingina igiya ce da ake ɗaure bashi da ita," in ji shi. "Igiya ta tsinke, bashin yana wuyanka. Da shanun na raye, banki ne zai fara ɗiba. Yanzu sai ya bi layi da maƙeri, a raba abin da kake da shi, kowa gwargwadon haƙƙinsa."

Har na fara dariya, banki guda a bayan maƙeri! Sai na duba inda layin ya dosa, na ga gonar babana ce. Na juya wajen alƙali.

"Allah gafarta malam, to in na ba ƙanena gonar kyauta fa?"

"Daga yau ko kaza ba za ka kyautar ba."

"In na tsallaka Nijar?"

"Wuyanka zai bi ka."

Aka bar mini rigar jikina, da fartanya, da ɗan hatsin da zai kai mu kaka. Keke ya tafi, garma ta koma maƙera, gona aka yi gwanjonta ranar kasuwa ina tsaye ina ji ana taya ta kamar akuya. Har fatun dukawa suka saya. Duk da haka kuɗin bai cika ba, aka ce ragowar sai ranar da Allah ya hore.

Da yamma na je gaida kawuna, na durƙusa ina ba shi labarin yadda na tsaya gaban alƙali ban ko girgiza ba. Ya daɗe yana tauna goro, ya dubi ƙasar da nake durƙushe a kai.

"Yaro, da ka bar fatun nan a gida, da yau ka sami abin zama."